Tubali, siminti ko gilashi: me ake nufi in an ce a ƙawata tsakiyar Maraɗi?

Ruwan da ya sauka a Maraɗi ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, wajen milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, ya ci rayukan mutum 15 aƙalla, ya kayar da gidaje masu yawa. Kwana huɗu bayan haka tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube. Irin wannan damina ba ta wucewa ba ta bar gardama a fada da tasha ba. Wani ya ce zamanin ginin ƙasa ya ƙare, a rungumi siminti kowa ya huta. Wani ya ce benayen tayil da gilashin da ke tashi a bakin manyan hanyoyi sun sa ba a gane Maraɗi garin Hausawa ne. A gefe kuma ga mai tireda, wanda gabansa ke faɗuwa duk sa'ad da ya ji hukuma ta ambaci gyaran gari, don abin da ya sani da wannan magana shi ne rusau.

Kowannensu so yake gari ya yi kyau. Sai dai ba abu ɗaya suke nufi ba.

Abu uku da ake zubawa a tukunya ɗaya

Na farko kayan gini ne: ƙasa, bulon siminti, kwano, azara, ƙarfe, gilashi. Na biyu salo ne, wato siffar da aka ba ginin da adon da aka yi masa, ko zanko ne a kan soro, ko baka a cikin zaure, ko farantan alminiyam da ake kira Alucobond a goshin kanti. Na uku shi ne fuskar titi, abin da mai tafiya ke gani kuma yake ji a jikinsa tsakanin ginin hagu da na dama: faɗin hanya, tsayin bango, inuwa, ƙofofi, magudanar ruwa, wurin taka ƙafa, wurin zama.

Ukun nan ba ɗaure suke da juna ba. Ana gina gida da siminti a ɗora masa zankwaye, ana kuma gina na ƙasa zalla da siffar zamani. Titi na iya cika da gidajen alfarma, kowanne abin kallo, amma mutum ya kasa tafiyar minti biyar a cikinsa da azahar. Yawancin gardamar a kan na farko da na biyu take tsayawa. Na ukun ne ɗan gari ke fama da shi kullum, shi ne kuma marar uban gida, domin gida na maigida ne, titi kuwa na kowa ne.

Garin da ruwa ya sake wa mazauni

Duk wanda zai kwatanta Maraɗi da Damagaram ko Agadas sai ya fara da shekarar 1945. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, a cikin kwarin gulbi suka kafa zamansu a farkon ƙarni na 19. A 1945 gulbin ya yi ambaliya ya ci garin. Turawan Faransa suka tashi mutane zuwa kan tudu, suka yanka filaye murabba'i-murabba'i, suka ja hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Unguwanni sun hau tudu da sunayensu, su Bagalam da Ƴandaka da Limanci da Maradawa, amma lungunansu a kwari aka baro su. Kalmar nan da ke cikin sunan unguwar Sabon Kare ma, ba karen farauta ba ne, sunan yankan fili ne a bakin Faransawa.

Wannan tarihi ya haifar da abu biyu. Maraɗi ba ta da tsohon birnin da za a killace a ce ga gadon kakanni, irin tsakiyar Agadas da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Abin da ake kira tsohon gari a nan shekarunsa ba su wuce tamanin da ƴan kai ba. Saboda haka tambayar Maraɗi ta fi karkata ga abin da za a gina, ba abin da za a adana ba.

Abu na biyu ya shafi rana. Lungun Birnin Damagaram matsattse ne, bangon wannan gida na yi wa na wancan inuwa, mai tafiya na bin gefen da ke da sanyi. Titi mai faɗi da gidaje marasa bene a gefensa ba ya samun wannan. Da zarar rana ta take, babu inuwa sai ta itace ko ta rumfa, a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Amma faɗin nan ba asara ba ce duka. Shi ya ba manyan motoci damar shiga har tsakiyar gari a zamanin gyaɗa da kuma zamanin fataucin Najeriya da ya biyo baya, wanda ya ɗaga alhazan Maraɗi. Shi ne kuma ya bar filin da za a iya dasa bedi a haƙa magudana ba tare da an rushe gidan kowa ba, abin da garuruwa masu lunguna ke nema ido rufe.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum 267,249 a cikin gari, kuma tun daga nan unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo sai ƙara miƙewa suke. A 2015 Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba, ranar kafa jamhuriya, da ake zagayawa da shi jiha-jiha a lokacin, da sunan Maraɗi Kwalliya, bayan Doso da ta yi nata a 2014. An shimfiɗa kwalta, an yi gine-ginen hukuma. Daga nan ne mutane da yawa suka riƙe cewa kwalliyar gari aikin gwamnati ne a kan manyan hanyoyi, ana yi sau ɗaya a wuce.

Abin da ake kira ginin gargajiya

Ginin Hausa na asali da tubali ake yinsa, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi ana cike tsakani da kwaɓi. Rufi na azara ne, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba. Tun da azara ba ta ƙetare ɗaki mai faɗi, magina suka ƙirƙiro baka da daurin guga, suka iya rufe zaure babba ba ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'ar Zariya ta Najeriya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shi ne misalin da ake yawan bayarwa. A waje kuma ga makuba daga kwasfar ɗorawa don kare bango, ga indararo mai tura ruwa nesa da gindin gini, ga zankwaye, ga dagi da sauran zane a goshin ƙofa.

Akwai abin da masu kewar wannan gini kan manta. Gidajen nan masu zane na Damagaram da Kano da Zariya, yawancinsu na sarakuna ne da attajirai. Talaka bangonsa lami yake. Attajirin wancan zamani ya nuna arzikinsa a goshin gidansa, har magina suka riƙa zana keke da jirgin sama a bango lokacin da su ne sabon abu. Alhajin da ke manna gilashi mai shuɗi a benensa yau, bayan ya gano irinsa a Dubai ko Makka ko Kano, bai kauce wa wannan ɗabi'a ba. Kayan ne suka sauya, da kuma inda ake sayo su.

Dalilan barin ƙasa ba ɓoyayyu ba ne. Tana son yaɓe kafin kowace damina, gayyar da ake yi a dā ta ja baya, yanzu sai an biya lebura. Giginya ta yi ƙaranci. Mai fili ɗaya a kusa da kasuwa yana son hawa biyu ko uku don haya. Ga kuma ido: a bakin mutane da yawa gidan ƙasa shaidar rashi ne, ko neman aure aka je ana duba wannan.

Canjin da ya fi taɓa titi kuwa ba na bango ba ne, na ƙofa ne. Zaure ɗaki ne tsakanin gida da waje. Nan ake sallama da baƙo, nan malam ke karantarwa, nan tela ke kafa kekensa, a gabansa kuma ga dakali da dattawa. Gidan zamani ya musanya shi da get na ƙarfe da doguwar katanga. Maigida ya sami wurin ajiye mota da sirri da tsaro, titi kuma ya rasa idanun da ke kallonsa. Jere goma na irin wannan gida, in dare ya yi, mace ko yaro ba ya son bi ta wurin. Abin da ya ceci tsakiyar Maraɗi daga wannan shi ne kasuwanci: masu gidaje sun fasa bangon gaba sun fitar da shaguna, sai ƙofofin suka dawo ta wata hanya.

Abin da aka gano a waje, da iyakarsa

Gardamar ba ta Maraɗi kaɗai ba ce. A 1987 wani mai nazarin halayyar ɗan Adam a Ingila, David Halpern, ya nuna wa ɗalibai hotunan fuskokin mutane da na gine-gine. A kan fuskoki bakinsu ya zo ɗaya. A kan gine-gine kuwa masu karatun zanen gini suka ware, abin da suka fi so shi ne sauran suka fi ƙi, kuma mafi daɗewa a karatun ya fi nisa da sauran jama'a. A Amurka, wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2020 ta nuna kashi 72 cikin 100 sun fi son gine-ginen gwamnati su kasance da tsohon salo, ko da yake ƙungiyar da ta sa aka yi ƙuri'ar dama mai goyon bayan tsohon salon ce. A Suwidin har ƙungiya aka kafa a 2014 don adawa da gine-ginen zamani masu kama da akwati.

Masu son gargajiya na kafa hujja da wannan, kuma hujjar na da ƙarfi: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai akwai tarnaƙi. Yawancin irin wannan gwaji da hoto ake yinsa, hoto kuwa ba ya ɗauko zafi ko ƙura ko warin kwata. Tsofaffin gine-ginen da ake nunawa su ne zaɓaɓɓun da suka tsira, munanan zamaninsu sun daɗe da rushewa. Sannan ɗan Turai da ke cewa yana son tsohon gini bai taɓa kwana a ɗakin da ke yoyo yana jiran bango ya faɗo masa ba. A inda tsohon gini ke tuna wa mutum wahala, amsar na iya juyawa.

Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa a wannan fage ba salo ba ne. Masu nazarin birane irin su Jan Gehl na Denmak, wanda ya shafe shekaru yana ƙirga masu tafiya da masu zama a titunan Kopenhagen, sun lura mutane na rage sauri su tsaya inda ƙofofi ke kusa da juna, inda hawan ƙasa ke buɗe ana ganin abin da ake yi ciki, inda akwai wurin zama da kariya daga yanayi. Suna ratsa gaban dogon bango marar ƙofa da sauri, ko da na marmara ne. Wanda ya san inda fada ke kafuwa a Maraɗi, gindin bedi kusa da mai shayi, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Hujjar kowane ɓangare

Masu siminti da bene suna da damina a bayansu. Bulo ba ya narkewa, ba ya son yaɓe duk shekara, yana ɗaukar hawa, haya kuma ta fi tsoka. Raunin hujjarsu na fitowa a bazara. Bulo siriri da rufin kwano na zuba zafi cikin ɗaki tun hantsi, gilashin da ke kallon yamma kuma tanda ne in babu na'urar sanyaya ɗaki. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, an ga abin da ginin da ya dogara da lantarki ke zama.

Masu ƙasa suna da bazara a bayansu. Bango mai kauri na shan zafin rana a hankali, kafin ya iso ciki gari ya fara sanyi. Kuɗin ginin kuma a hannun mai amalanke da magini na gida yake ƙarewa, ba a masana'antar siminti ta Malbaza ko ƙetaren iyaka ba. Game da rushewa, amsarsu ita ce ginin ƙasa ta ƙafa da ka yake mutuwa: ruwa ya kwanta a gindinsa, ko rufi ya yi yoyo. Yawancin abin da ke faɗuwa a unguwannin talakawa bango ne siriri, marar tushe, a kan hanyar ruwa. Shafen simintin da ake yi wa bangon ƙasa ma yaudara ce sau da yawa, don ba sa kama juna, danshi na ɓuya a baya har ranar da ɓawon zai ɓalle. Inda hujjarsu ke rawa shi ne masallacin Damagaram. Ba talaka ya gina shi ba, bangonsa ba siriri ba ne, ya kuma faɗi. Ruwan yanzu na zuwa da ƙarfin da gini mai son kulawa ba ya yafe sakaci ko na shekara ɗaya.

Akwai na tsakiya, kuma a Nijar suke da misalai. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Tun wajen 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan rufin ƙasa mai ƙubba wanda ba ya cin itace ko ɗaya. Abin da ya rage wa wannan hanya shi ne araha da yawa. Bulon siminti ana samunsa a kowace kusurwa, kowane magini ya iya shi. Injin matse ƙasa da wanda ya ƙware a kansa sai an nema.

Ina doka ta tsaya?

Nijar na da dokar tsara birane ta 2017, akwai kuma ta kare kayan tarihi ta 1997. A ƙa'ida, mai son gini a cikin gari sai ya karɓi takardar izini daga hukumar gari. Abin da irin wannan takarda ke iya tsarewa cikin sauƙi shi ne abin da ake aunawa da igiya: layin da bango zai tsaya, yawan hawa, tudun ƙofa a kan titi, inda ruwan rufi zai zuba, ko za a bar rumfa a gaban shago. Salo ba ya aunuwa haka. In aka ce dole kowane gini ya nuna al'ada, abin da aka fi samu shi ne zankon siminti da aka dasa wa akwati, mai gini ya cika sharaɗi, titi bai ƙaru da komai ba.

Akan kawo Paris a matsayin garin da doka ta ƙawata, kuma gaskiya ne Haussmann, gwamnan yankin birnin a lokacin, ya daidaita tsayi da fuskar gine-ginenta tsakanin 1853 da 1870. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dubban talakawan da aikin ya tura bayan gari. Tun Afrilun 2024 kuma, da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa, shugabannin riƙo da gwamnati ta naɗa ne ke tafiyar da biranen Nijar. Hakan na iya sa hukunci ya yi sauri. Yana kuma nufin mai unguwa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi su ne ƙofofin da suka rage wa mai ƙorafi.

Wanda abin zai faɗa wa

Mai tebur da mai tireda su ne na farko. In an fassara kyau da share bakin hanya, su za a kora. Hukuma na da hujja, domin rumfunan da suka cinye gefen titi su ke tura mai ƙafa cikin kabu-kabu da adaidaita, wasu kuma a kan magudana suke zaune. Amma su ne hasken titi da dare, su ne masu gadinsa ba albashi. Tsakanin kora da ƙyalewa akwai shata layi: nan naka, nan na mai wucewa.

Mai gidan ƙasa a tsohuwar unguwa abin da ya fi shafarsa shi ne tsayin hanya. In aka ɗaga titi da kwalta ko pave, wato bulon shimfiɗa hanya, ba a haɗa da magudana ba, gidan da dā yake sama da hanya ya koma ƙasa da ita, ruwan farko zai shigo ta zaure. Maraɗi a kan tudu take, ruwanta gulbi yake nema, kuma duk filin da aka rufe da siminti a sama ƙarin ruwa ne ga na gangare.

Ɗan haya kuwa, gyaran titi na zuwa masa da ƙarin kuɗi. Shagon da aka yi wa tayil ba ya zama a tsohon farashi, tela da mai gyaran rediyo su ja baya zuwa lungu, mai sayar da waya ya maye gurbinsu. Magini na gargajiya, in ba a sami masu ba shi aiki ba, ɗansa bulo zai koya, ranar da za a nemi mai ɗaura baka sai an aika wani gari.

Akwai kuma abin da ke tafe. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya, a Maraɗi zai tsaya. Inda tasha ta sauka, nan filaye ke tsada, nan shaguna da masaukai da ɗakunan ajiya ke tsirowa, wani lokaci har tsakiyar gari ta gusa ta bi ta. Titunan da za su haɗa tashar da babbar kasuwa su ne wurin da Maraɗi za ta yi gini mafi yawa a lokaci ɗaya. Faɗin wurin tafiya, ramin itace, zurfin magudana da layin rumfa, duk kafin a zuba harsashi ake shata su. Bayan bene ya tashi, gyaran taku biyu na gefen hanya sai da diyya da rusau.